Wa Zai Amsa Ihun Tsakiyar Kogi?

Wata biyu ke nan wani littafi yana yawo hannu zuwa hannu a nan unguwa, har bangonsa ya fara ɓallewa. Kwafi biyu ne. Na Larabcin, ɗaya daga cikin yaranmu da yaƙi ya koro daga karatu a Khartum a 2023 ne ya taho da shi a jakarsa. Na Turancin kuma wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi aka tsinto shi. Duk wanda ya kai shafin ƙarshe, tambaya ɗaya yake kawowa majalisa: to wai mutumin nan ya nutse ne, ko an ciro shi? An yi musu a kai har shayi ya huce. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi namu a wannan fitowar. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, za mu fasa ƙwai. Kuma mu faɗa tun da wuri, littafin manya ne. Akwai wuraren da marubucin bai sakaya zance ba, kada a bar shi inda yara za su ɗauka.

Sunan littafin Mausimul Hijrati ilash Shimal. Ɗayyib Salih ne ya rubuta shi, mutumin arewacin Sudan, haifaffen ƙauyen Karmakol a 1929, wanda ya yi aiki da sashen Larabci na BBC, ya rasu a Landan a 2009. Labarin ya fara fitowa a 1966 cikin mujallar Hiwar ta Bairut, shekara goma bayan Sudan ta karɓi mulkin kanta, sannan Denys Johnson-Davies ya mai da shi Turanci a 1969. Ma'anar sunan ita ce lokacin ƙaura zuwa arewa, kusan abin da Bahaushe zai kira cin rani. Sai dai mu a nan in aka ce wane ya tafi Arewa, gida ya tafi. Su kuwa arewarsu ita ce ƙasar Turawa, can ne baƙunta take. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu bukace shi idan mun isa bakin ruwa.

Mai ba da labarin saurayi ne da ba a faɗi sunansa ba ko sau ɗaya. Ya yi shekara bakwai yana karatu a Turai, ya samo digirin digirgir kan wani mawaƙin Ingilishi da ba kowa ya san shi ba, ya dawo ƙauyensu da ke gaɓar Nilu. Da ya kwana ya tashi ya leƙa taga ya ga dabinon tsakar gidansu, sai ya ji hankalinsa ya kwanta, ya ce a ransa shi ma mai saiwa ne kamar wannan itace. Cikin masu yi masa barka da zuwa ya ga wata baƙuwar fuska. Aka ce Mustafa Sa'id ne, ya zo shekara biyar da suka wuce, ya sayi gona, ya auri Husna 'yar Mahmud, mutum ne mai kirki, ba ya shiga sabgar kowa. Wata rana da dare, abin sha ya ɗebe shi, sai ga wannan manomi yana rera waƙa da Ingilishi tsantsa. Daga nan asiri ya fara tonuwa. An haife shi a Khartum a 1898, shekarar da Kitchener ya karya rundunar Mahadiyya a Omdurman. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, aka tura shi Alkahira, daga can Landan, ya zama malamin tattalin arziki. A can ya mai da yaudarar matan Turawa tamkar ramuwar gayya kan mulkin mallaka. Uku suka kashe kansu ta dalilinsa, ta huɗun, Jean Morris, ya aura ya kuma kashe ta da wuƙa. Ya yi shekara bakwai a kurkuku, ya dawo ya ɓuya cikin manoma.

Ba a jima da wannan hira ba Nilu ta yi wata irin ambaliya, Mustafa ya ɓace. An nema har an gaji, ba a ga gawarsa ba, alhali mutum ne da ya iya ruwa. Abin da aka tarar wasiyya ce a rufe: ya bar wa mai ba da labari amanar matarsa da 'ya'yansa biyu maza, da mabuɗin wani ɗaki na jan bulo da ya gina a gidansa, wanda ko matarsa ba ta taɓa shiga ba. Ya kuma roƙe shi ya tsare yaran daga ciwon yawon duniya. Wanda ya rubuta wasiyya kafin ambaliya ai ya san da tafiyar. Ko ruwa ya bi da gangan, ko ya sulale ya sake kama hanya, littafin bai yanke ba. Mu dai wannan ɓatan bai dame mu sosai ba, don a ganinmu share fage ne. Marubucin ya fara koya mana tun a tsakiyar littafi cewa kogin nan yana karɓar mutum ba tare da ya ba da shaida ba.

Masu cewa ƙarshen littafin ya zo musu da ba-zata yawanci shafi biyun ƙarshe suke nufi. Mu a wajenmu ba-zatar ta riga ta faru kafin nan, a bakin ƙofar ɗakin jan bulo. Mai ba da labari ya buɗe ƙofa cikin dare, ransa a ɓace, ya ƙyasta ashana, sai ya ga fuska a murtuke tana fuskantarsa. Ya nufe ta da ƙiyayya, a zatonsa abokin gabarsa Mustafa ne. Ashe madubi ne. Kansa ya gani.

Wani zai ce wannan ai tsohuwar dabara ce, kuma gaskiya ne, an sha yin ta. Abin da ya sa ta kama a nan shi ne, tun shafin farko mun ba mutumin nan amanna. Shi ne namu. Shi ne ɗan kirkin da ya je Turai ya dawo bai lalace ba, yana zama gaban kakansa Hajj Ahmad, tsoho mai kusan shekara casa'in da ba ya rabuwa da carbi, yana jin daɗin hirar tsofaffi. Mustafa shi ne dodon. Muna karatu muna jin tsoron Mustafa, muna fakewa bayan mai ba da labari. Sai madubin ya tilasta mana mu koma baya mu ƙirga. Shekara bakwai wannan ya yi a makaranta, shekara bakwai wancan ya yi a kurkuku, ƙasa ɗaya. Wancan ya rera waƙar Ingilishi cikin maye, wannan a kan mawaƙin Ingilishi ya ƙare ƙuruciyarsa. A cikin ɗakin ya tsinci wata waƙa da Mustafa ya fara bai ƙarasa ba, ya ɗauki alƙalami ya cika masa baitin ƙarshe da hannunsa. Kuma, abin da ya fi nauyi, kowannensu akwai matar da wuƙa ta shiga ƙirjinta ta dalilinsa.

Nan ne muke so mu daɗe, don nan ne mutanenmu suka fi saurin wucewa. Bayan ɓatan Mustafa, wani tsoho mai auri-saki, Wad Rayyis, wanda ya kai shekara saba'in, ya ƙwallafa rai sai ya auri Husna. Ta ƙi. Ta faɗa wa mai ba da labari baki da baki cewa in aka tilasta mata za ta kashe tsohon ta kashe kanta. Shi ne fa aka bar wa amanarta. Abokinsa Mahjub har ya ce masa to kai ka aure ta mana, ka huta, ta huta. A ransa ya gane yana sonta. Me ya yi? Ya tattara ya koma bakin aikinsa a ma'aikatar ilimi a Khartum. Bayan tafiyarsa Husna ta cire kunya ta je wajen mahaifinsa, ta je wajen Mahjub, tana roƙon a ce masa ya ɗaura mata aure ko na suna ne, ba ta neman komai a wajensa. Aka ɗauke ta marar kunya. Ubanta ya doke ta, aka ɗaura da Wad Rayyis. Ta cika alkawarinta. Aka binne su a gaggauce, ba zaman makoki, gari ya kulle baki kamar ba a yi ba.

Mutumin bai ɗaga hannu ya taɓa kowa ba. Laifinsa shi ne bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ya bar lokaci ya yanke masa. Mu da muke zaune nesa da gida mun san irin wannan laifin, ko da ba ma son a ambata. Ɗan uwa ya rasu can gida ya bar maka marayu da uwarsu, kana nan kana aika ɗan abin da ya samu ƙarshen wata, kana cewa in Allah ya kai mu sallah zan je in duba. Kafin sallar an yanke hukuncin da ba ya warwaruwa. Ɗayyib Salih ya ajiye irin wannan mutum gaban madubi ɗaya da mai kisan kai, kuma bai nemi afuwar kowa ba. Akwai waɗanda suka ce mana ya yi tsanani. Wataƙila. Amma Husna dai ta mutu.

Ɗakin kansa ba sai an wahala wajen fassara shi ba, marubucin ma ya ɗan cika masa gishiri. A tsakiyar ƙauyen gidajen ƙasa, cikin zafin Sudan, ga murhun jin ɗumi irin na gidajen Ingila, ga dardumomi, ga littattafai jere a bango, babu na Larabci ko ɗaya, hatta Alƙur'anin da ke wurin fassarar Turanci ce. Kowa ya gane: mutumin ya dawo da jikinsa, ya kulle sauran a ɗaki. Abu biyu ne suka fi jan hankalinmu a ciki. Akwai littafin rubutu da Mustafa ya sa wa sunan tarihin rayuwarsa, ya rubuta sadaukarwa a shafin farko, sauran shafukan fari fat. Ga alama so yake wanda ya ba mabuɗin ya cike masa su, wato amanar da ya bari har da ta mai da shi gwarzon labari. Sannan akwai zane-zanen fuskokin mutanen ƙauyen da ya yi da hannunsa, an yi su da kulawa, na Wad Rayyis sun fi na kowa yawa. Me ya gani a fuskar tsohon? Muna zaton ɗan uwansa ya gani, mai farautar mata irinsa, wanda bai taɓa taka Landan ba. In haka ne, to cutar ba duka daga Turai aka kwaso ta ba, akwai ta gida. Wannan ne ya hana littafin zama wa'azin zagin Bature kawai, shi ya sa kuma bai yi wa wasu daɗi ba.

Mai ba da labari ya shiga da niyyar ƙone ɗakin. Bai ƙone ba. Ko wannan ma bai iya ƙarasawa ba. Ya fito gab da asuba ya nufi kogi, ya tuɓe, ya shiga.

Kowa ya san Nilu daga kudu take gangarowa arewa. Amma tun a baya marubucin ya gaya mana ƙauyen yana daidai wata kwana ce, inda kogin ya karya ya miƙe daga yamma zuwa gabas. Ka ga ke nan gaɓoɓinsa biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa. Da ƙauyen a wani wuri yake, mai ninƙaya gabas ko yamma zai nufa, zancen ya mutu. A nan kuwa duk wanda ya baro ƙauye ya tsunduma, arewa ya dosa, hanyar da Mustafa ya bi tun yana yaro. Mutumin ya yi ta iyo har ya kai tsakiya, ƙarfi ya ƙare. Gaba ta gagara, baya ta gagara, ruwa yana jan sa ƙasa. Ƙarar injin ban ruwa da yake ji daga gaɓa ta fara nisa. Ya ga garken tsuntsaye sun nufi arewa. Ya kusa sallamawa.

Abin da ya farkar da shi shi ne abin da ya fi ba mutanen majalisa dariya: sha'awar sigari. Wani dattijo cikinmu ya ce haba, mutum yana bakin mutuwa, maimakon salati sai taba? Mu kam muna ganin nan marubucin ya nuna ya san ɗan Adam. Littafin cike yake da manyan maganganu, Mustafa yana kiran kansa mai mamaya, yana kwatanta kansa da Othello na Shakespeare sannan ya dawo ya ƙaryata, lauyoyi da malamai suna fassara shi da wayewar gabas da ta yamma. Duk waɗannan manyan kalmomi kabari suka kai mutane. Da wata babbar hikima ce ta ciro mai ba da labari, da ya zama Mustafa na biyu. Sai aka sa ƙaramar buƙata ta jiki, marar daraja, ta tuna masa cewa shi mai rai ne. Daga nan ya yi tunanin cewa duk rayuwarsa bai taɓa zaɓar komai da kansa ba, yanzu ya zaɓi ya rayu, saboda akwai 'yan mutanen da yake so ya daɗe tare da su, akwai kuma nauyin da ke kansa. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya kwarma ihun neman agaji. Littafi ya ƙare.

Masu cewa an cece shi suna da hujja mai ƙarfi. Da bakinsa yake ba da labarin, yana kiran masu sauraro kamar a zaure, gawa kuwa ba ta hira. Waɗanda suka bi sauran rubutun Ɗayyib Salih sun ƙara da cewa a Bandar Shah, wanda kashinsa na farko ya fito a 1971, mutumin ya sake bayyana da suna Muhaimid, ya manyanta, ya dawo ƙauyen, Mahjub ma yana nan. Mun yarda da wannan. Sai dai wancan wani littafi ne. Wanda ya rubuta wannan ya san yadda ake rubuta kwale-kwale ya taho, layi biyu sun isa, ya ƙi rubutawa. Ya ma ƙara wani abu da ke hana mutum sakin jiki: a daidai lokacin ihun ya kwatanta mutumin da ɗan wasan barkwanci a kan dandamali. Me ya kawo wasan kwaikwayo a bakin mutuwa? Mustafa ne fa ɗan wasa, shi ne ya shirya ɗakinsa na Landan da turaren wuta da madubai don ya yi wa mata wasan mutumin gabas. In ihun nan ma wasa ne, to madubin bai sake shi ba har cikin ruwa. Ana iya karanta shi ta wata fuskar kuma: mai digiri, ma'aikacin gwamnati, tsirara a tsakiyar kogi yana kururuwa, girma ya faɗi, ya ga kansa abin dariya, kuma bai fasa ihun ba. Mun fi karkata nan. Mustafa da ya tashi tafiya shiru ya tafi, da wasiyya a rufe da ɗaki a kulle, don ko a mutuwa ba ya so a ga gazawarsa. Wannan kuwa ya yarda a gan shi a wulaƙance in dai zai rayu. Iyakar bambancin da ke tsakaninsu ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Amma akwai abin da ba mu ji kowa ya ambata a majalisa ba, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Wannan ba shi ne ihu na farko a littafin ba. A koma daren da Husna ta mutu, yadda tsohuwa Bint Majzub ta ba da labarinsa, ita kaɗai ce ma ta yarda ta buɗe baki. Ta ce bayan sallar isha ta ji Husna tana kururuwa daga gidan Wad Rayyis. Ta ɗauka abin da ke tsakanin ango da amarya ne, har ta ji haushin rashin kunyar. Ihun ya daɗe. Ba wanda ya fito. Sai da aka ji muryar Wad Rayyis da kansa yana kiran maƙwabta da sunayensu sannan aka ruga, aka ɓalle ƙofa, aka tarar aikin gama ya gama. Kafin wannan daren ma Husna ta nemi agaji da rana tsaka, da kalmomi sarai, a gidan mutum biyu, aka kira shi rashin tarbiyya.

To wannan garin ne mai ba da labari yake kira daga tsakiyar ruwa. Garin da ke jin kuka ya ba shi wata fassara. Kuma wanda yake kiran shi ne mutumin da aka kira bai amsa ba. A ganinmu shi ya sa marubucin ya ajiye alƙalami a nan. Da ya nuna an zo, ya wanke garin, ya wanke mutumin, mai karatu ya rufe littafi da sanyin zuciya. Da ya nuna ya nutse, ya zama an biya bashin Husna da ran wani, lissafi ya tashi daidai, alhali bai tashi ba, ga marayu biyu a gida. Sai ya bar ihun a iska, mu da muke riƙe da littafin muka zama mutanen gaɓa.

Ba mu ce littafin ba shi da aibu ba. Matan Turawan nan uku kusan inuwa ce kawai, an halicce su don su mutu. Ita kanta Husna, wadda duk nauyin ƙarshen yake kanta, maganarta a littafin ba ta da yawa, yawanci ta bakin wasu muke jin ta. Mai son kare marubucin zai ce ai haka garin ya yi mata, littafin kwaikwayon garin ya yi. Mun ji, amma da an ba ta shafi biyar nata na kanta, da ba a yi asara ba.

Wani matashi ya tambaye mu, to in an ce dole ku zaɓa fa? Muka ce ya lissafa wa ke farke a ƙauyen a wannan sa'a. Akwai kakansa Hajj Ahmad, ya tashi sallar asuba, amma tsoho irinsa ba zai shiga Nilu ba. Akwai injin ban ruwa yana ta bugawa a gaɓa, ƙararsa za ta iya danne muryar mutum. Sai manoma masu sammako, kuma babbansu, shugaban kwamitin aikin gonar, shi ne Mahjub, abokinsa tun na ƙuruciya. Rabuwarsu ta ƙarshe kafin ya shiga ɗakin jan bulo, Mahjub ya kira Husna mahaukaciya, shi kuma ya kama wuyansa ya shaƙe.